Yadda ake shirya wa jarrabawar PL-900 ta Power Platform, daga buɗe asusu har ranar zama

Ranar da na fara cewa zan rubuta jarrabawar PL-900, abin da na yi shi ne abin da kusan kowa ke yi: na sayi data, na kwanta a gado, na kwana uku ina kallon bidiyo. A rana ta huɗu na buɗe tambayoyin gwaji, na amsa hamsin, rabi ma ban ci ba. Kalmomin duk na san su, na ji su a bakin masu bidiyon, amma da aka ce mini ga kamfani yana da matsala kaza, wane kayan aiki zai ɗauka, sai na tsaya ina zare ido. Wannan jarrabawa ta Microsoft ce a kan Power Platform, dandamalinsa na gina manhaja da ƙarancin kod, kuma wanda bai taɓa gina ko guda ɗaya da hannunsa ba zai sha wuya a cikinta, ko da ya haddace littafi. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa na jera su ne a kewayen manhaja ɗaya da za ka gina da kanka.

Da farko, ka tabbatar wace jarrabawar kake nema

Gina manhaja da ƙarancin kod yana nufin ka haɗa fuskokin manhajar ta hanyar jawo maɓallai da akwatuna kana ajiyewa, ka rubuta 'yan gajerun umarni irin na Excel, injin ya yi sauran aikin. Kamfanin bincike na Forrester ne ya yaɗa wannan suna a 2014, kuma yau dandamalin suna da yawa. Akwai OutSystems da aka kafa a Fotugal a 2001, akwai Mendix na ƙasar Holan wanda Siemens ya saya a 2018, akwai Salesforce mai satifiket ɗin Platform App Builder. Kowanne da jarrabawarsa, kuma satifiket ɗin wannan ba ya aiki a gidan wancan. Idan wurin aikinka ko wurin da kake hange suna amfani da ɗaya daga cikinsu, magana ta ƙare, shi za ka bi. Idan kuwa ba ka da wanda ya ɗaure ka, ni shawarata Power Platform na Microsoft, don kawai ofisoshin da ke aiki da Outlook da Teams da SharePoint sun riga sun sa ƙafa ɗaya a cikinsa, ko sun sani ko ba su sani ba.

A gidan Microsoft, PL-900 ita ce ƙofar shiga. Daga ita sai manyan: PL-200 ta masu tsara wa kamfanoni mafita, da PL-400 ta waɗanda ke ƙara kod na gaske a kan dandamalin. Akwai wata da ake kira PL-100, wadda har yanzu za ka ga tsoffin bidiyoyi suna tallata ta, alhali an yi mata ritaya tun 30 ga Yuni, 2024. Microsoft kan rufe jarrabawa ya buɗe wata, don haka kafin ka kashe ko sisi ka shiga shafin jarrabawar a Microsoft Learn, wato dandalin koyo na kamfanin, ka ga ko an maƙala mata sanarwar ritaya a sama.

Mataki na biyu: ka sauko da jadawalin abin da za a tambaya

A shafin kowace jarrabawa akwai jagoran karatu, wanda ya lissafa fannonin da za a gwada ka a kai, da kason da kowanne ke ɗauka, da kwanan watan da aka yi masa gyara na ƙarshe. Ka buga shi a takarda. Na ce a takarda, saboda za ka riƙa bi da biro kana yi wa kowane layi alama iri uku: wanda ka taɓa yi da hannunka, wanda ka karanta kawai, da wanda ba ka taɓa jin labarinsa ba. Ranar da alamar farko ta rinjayi sauran, ka kusa.

Kwanan watan nan kuwa ka riƙe shi da kyau, domin da shi za ka auna duk wani bidiyo ko kwas da aka tura maka. Sunaye a wannan dandamali ba sa zama wuri ɗaya. Power Apps, wato kayan gina manhajar, ya fito ga jama'a a ƙarshen 2016. Abin da ake kira Microsoft Flow ya koma Power Automate a 2019. Common Data Service, ma'ajiyar bayanan dandamalin, ya koma Dataverse a Nuwamban 2020, kuma a lokacin aka sauya har sunayen abubuwan da ke cikinsa, aka koma cewa tebur da layi kamar yadda kowa ya saba. Power Fx, wato harshen da ake rubuta umarni da shi, an sanar da sunansa a 2021. Power Pages, na gina shafin intanet, ya tsaya da ƙafarsa a 2022. Power Virtual Agents ya narke cikin Copilot Studio a Nuwamban 2023. Duk malamin da ka ji yana ta ambaton Common Data Service, ka san darasinsa ya kwana biyu. Ba lallai ya zama ƙarya yake koyarwa ba, amma maɓallan da yake nuna maka sun tashi daga inda yake nunawa.

Mataki na uku: asusu biyu, kada ka haɗa su

Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Kana buƙatar asusu iri biyu, kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne asusun Microsoft naka na kanka, irin na Outlook.com, wanda za ka buɗe shafinka na Microsoft Learn da shi, kuma da shi za ka yi rajistar jarrabawa. Kada ka yi rajista da imel ɗin ofis ko na makaranta. Ranar da ka bar wurin aka rufe imel ɗin, satifiket ɗinka na iya tafiya tare da shi, kuma Microsoft da kansa ya yi wannan gargaɗin a shafin rajista. Sunan da za ka rubuta ya zama daidai da na katin shaidarka, harafi da harafi. Idan fasfo ya ce Muhammad, kada ka rubuta Mohammed. Idan sunan mahaifi ne a ƙarshe a kati, a nan ma ya zo a ƙarshe. Mu da sunan mutum ɗaya ke da rubutu uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu shi ne asusun da za ka yi gini da shi. Microsoft na da tsarin kyauta mai suna Power Apps Developer Plan, wanda ke ba ka muhallinka na gwaji, da Dataverse a ciki, da mahaɗai, wato hanyoyin da ke haɗa manhajarka da wasu ma'ajiyoyi da manhajoji, har da waɗanda a wajen aiki sai an biya kuɗi kafin a taɓa su. Sharaɗinsa shi ne imel na wurin aiki ko na makaranta. Gmail ba ya shiga. Ɗalibin da jami'arsa ta ba shi imel na Microsoft 365 ya fara gwada shi, ko da yake wasu makarantun sun toshe wannan ƙofar. Wanda ba shi da ko ɗaya, zai iya buɗe gwajin Microsoft 365 na kasuwanci na wata guda, wanda ke ba shi nasa ƙaramin gida da imel mai ƙarewa da onmicrosoft.com, sai ya yi rajistar tsarin kyautan da wannan imel. Za a nemi lambar katin banki, don haka ka sa tunatarwa a waya ka soke sabuntawa kafin wata ya cika, kada a wayi gari an zare maka kuɗi. Kuma muhallin gwajin idan aka daɗe ba a leƙa shi ba ana kashe shi. Muhalli ne na koyo kawai. Ba a yarda ka ɗora masa aikin kasuwanci na gaske ba.

Mataki na huɗu: ka gina manhaja ɗaya, ka yi ta juya ta

Wannan shi ne zuciyar shirin, kuma idan mako shida ka ware wa shirin, a nan ya kamata uku su tafi.

Ka zaɓi wani abu da ka san cikinsa da bayansa. Rajistar kuɗin makarantar Islamiyya, lissafin adashi, kayan da ke shiga da fita a kemis, duk sun isa. Ni na ɗauki littafin bashin kawuna, mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Na roƙe shi tsohon littafin da ya cika, na sauya sunayen mutanen ciki da na ƙirƙira, don bashin mutum sirrinsa ne, na zauna na shigar da layi 730.

Zagayen farko, ka zuba bayanan a jerin SharePoint ko a Excel, ka bar Power Apps ya haɗa maka manhajar kanbas da kansa. Ana ce mata kanbas ne don fili ne fari ake ba ka, kai ke ajiye komai inda kake so. Zai fito maka da wurin duba jeri, da wurin ganin bayanin mutum ɗaya, da fom na gyarawa. Kada ka tsaya sha'awa. Ka danna kowane abu ka ga umarnin da ke bayansa, ka ɓata shi da gangan, ka gyara. Ka koyi Filter na tace jeri, da LookUp na zaƙulo layi ɗaya, da Navigate na tsallakawa wata fuskar, da SubmitForm da Patch na ajiye bayani. Wanda ya iya lissafin Excel zai ga kamar ya dawo gida.

A nan ne na ci karo da darasin da ban manta ba. Na sa wani akwati a sama yana nuna jimillar bashin da ake bin mutane, da umarnin Sum. Na kai wa kawu a waya, ina ta washe baki. Ya ɗauki tabarau, ya dubi lambar, ya jawo kalkuletarsa mai manyan maɓallai wadda lambobin jikinta suka goge, ya buɗe shafin ƙarshe na littafin inda ya rubuta jimilla da jan biro. Ya ce, "Ɗan nan, wannan abin naka ya yafe wa mutane bashi ba da izinina ba. Ina sauran kuɗin?" Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, kwamfuta ba ta kuskuren lissafi." Ya ce, "To ashe ni ne na yi shekara talatin ina yi." Yaran shago suka fashe da dariya.

Shi ne da gaskiya. Akwai wata 'yar alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, mai kusurwa uku, da ke maƙale a jikin akwatin tun ranar farko, ni kuwa na ɗauke ta ado. Abin da take faɗa shi ne: wasu umarnin Power Apps na iya wakilta su ga ma'ajiyar bayanai ta yi aikin can ta turo amsa, wasu kuwa ba za su wakiltu ba, sai manhajar ta jawo bayanan ta yi lissafin da kanta. Idan za ta jawo, layi 500 na farko kawai take ɗauka, kuma ko ka ɗaga iyakar a saituna ba ta wuce 2,000. Sum a kan jerin SharePoint yana cikin waɗanda ba sa wakiltuwa. Layi 230 na ƙarshen littafin kawu ba ta ma gan su ba, kuma ba ta yi kuka ba, ta dai ba ni lamba mai kama da gaskiya. Ko tambaya a kan wannan ba ta fito maka a PL-900 ba, za ta jira ka a manyan jarrabawoyin, kuma za ta jira ka a wurin aiki.

Zagaye na biyu, ka kwashe bayanan nan ka mayar Dataverse. Yanzu ka raba su gida biyu: teburin abokan ciniki da teburin bashi, ka ƙulla dangantaka tsakaninsu, mutum ɗaya bashi da yawa. Ka yi gurbin zaɓi mai cewa an biya, an biya rabi, ba a biya ba. Ka kafa dokar kasuwanci da ke hana a ajiye bashi ba ranar biya. Sannan ka gina manhaja iri ta biyu a kan waɗannan tebura, wadda a allon jarrabawa za ka ga an rubuta model-driven, wato wadda tsarin bayanan ne ke zana mata fuska. Da ka gama za ka gane bambancin da ake ta tambaya a kai ba tare da hadda ba: a kanbas kai ke da iko da kamanni kuma kana iya jawo bayanai daga wurare daban-daban, ita kuwa wannan sai da Dataverse, ba ka da ta cewa sosai kan kamanninta, amma ta fi dacewa da aikin ofis mai tebura da yawa da matakai masu bin juna. Ka sake gwada Sum ɗin nan a kan Dataverse, za ka ga alamar gargaɗin ta ɓace.

Zagaye na uku na Power Automate ne. Ka yi fulo uku, wato jerin matakan aiki da ke gudana da kansu, don iri uku ne masu gudana a intanet: wanda wani abu ke tayar da shi, misali a tura imel duk lokacin da aka shigar da sabon bashi, wanda mutum ke tayarwa da danna maɓalli, da wanda agogo ke tayarwa, misali kowace Juma'a da safe ya tattaro waɗanda ranar biyansu ta wuce. Ka ƙara na neman amincewa, inda bashin da ya haura wani adadi sai mai shago ya yarda. Idan kwamfutarka Windows ce, ka buɗe Power Automate na kan tebur ka sa shi ya kwafe wasu lambobi daga wannan taga zuwa waccan, don ka ga yadda yake kwaikwayon hannun mutum. Da gangan ka sa fulo ɗaya ya faɗi, ka shiga tarihin gudunsa ka nemo inda ya karye.

Sauran ba sa buƙatar dogon zama. Yini ɗaya ka buɗe shafi a Power Pages ka ga yadda na waje ke shigowa. Yini ɗaya ka ɗauki hoton rasit ka ba AI Builder ya karanto maka. Yini ɗaya ka yi ɗan wakilin hira a Copilot Studio mai amsa tambayar ƙarfe nawa ake buɗe shago. Power BI kuwa, mai mayar da bayanai rahoto da zane, ka duba jagoran karatunka ka ga ko yana ciki da kuma gwargwadon kasonsa, ka ba shi lokaci daidai da haka. Ka kuma gwada gaya wa Copilot, mataimakin AI na Microsoft, da baki ya gina maka tebur da manhaja, tun da yanzu ta nan Microsoft ke tura kowa, sai dai ka yi hakan bayan ka yi da hannu, don ka iya gane inda ya yi maka shirme.

Mataki na biyar: ɓangaren da babu daɗi

Masu son gini sukan tsallake sha'anin gudanarwa, kuma a nan maki ke zubewa. Ka shiga cibiyar gudanarwa ta Power Platform ka zagaya. Ka san ire-iren muhalli: na kowa-da-kowa da ke zuwa da kansa, na gwaji, na mai koyo irin naka, da na aiki na gaske. Ka san cewa ana ɗaukar manhaja daga wannan muhalli zuwa wancan ne a cikin ƙunshi, kuma ƙunshin iri biyu ne, buɗaɗɗe da ake gini a cikinsa, da rufaffe da ake kaiwa wurin aiki. Ka ƙunshe manhajar bashinka ka fitar da ita ka shigar a wani muhallin, sau ɗaya ya isa. Ka san matsayin tsaro a Dataverse, wanda ke fayyace wa zai karanta, wa zai rubuta, wa zai goge. Ka san dokokin hana zurarewar bayanai, inda ake kasa mahaɗai kashi uku, na kasuwanci, waɗanda ba na kasuwanci ba, da waɗanda aka toshe, kuma ba a barin kashin farko da na biyu su haɗu a manhaja ɗaya. Ka san mahaɗan da ke zuwa a cikin lasisin Microsoft 365, irin su SharePoint da Outlook, da masu tsada irin su SQL Server da Dataverse.

Duk wannan yana cikin darussan kyauta na Microsoft Learn da aka jera a ƙasan shafin jarrabawar. Rubutu ne mafi yawa, ba ya cin data kamar bidiyo, kuma ana iya karanta shi a waya cikin mota.

Mataki na shida: tambayoyin gwaji, da maganar satar amsa

A shafin jarrabawar akwai gwajin kyauta na Microsoft, kana iya maimaita shi iya son ranka, kuma kowace amsa tana zuwa da bayani da mahaɗin darasin da ta fito. Yadda na ga ya fi amfani shi ne ka ajiye littafi, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta dalilin da ya sa amsarka ba daidai ba ce, sannan ka koma muhallinka ka yi abin. Bayan zagaye uku ko huɗu za ka fara gane tambayoyin da fuska, daga nan makin da kake samu ya daina gaya maka gaskiya.

Ka lura da salon tambayar. Yawanci labari ne gajere. Kamfani na so abokan cinikinsa na waje su shiga su duba odarsu: Power Pages ke nan. Akwai tsohuwar manhaja da ba ta da hanyar haɗuwa da kowa, ana so a daina kwafe bayananta da hannu: fulo na kan tebur. Ana so ma'aikata su bi matakai biyar a jere kafin a rufe ciniki: fulon tsarin kasuwanci a cikin manhajar model-driven. Ana so a hana wani tura bayanan SharePoint zuwa dandalin sada zumunta: dokar hana zurarewa. Sau da yawa amsa biyu za su iya aikin, sai kalma ɗaya a cikin tambayar ta raba gardama, kamar a ce da mafi ƙarancin wahala, ko ba tare da kod ba.

Akwai kuma wani shafin da ke kwaikwayon allon jarrabawar kansa, inda za ka saba da tambayoyin ja-ka-ajiye da na jera matakai da na zaɓi daga jeri. Minti goma sha biyar ya ishe shi.

Za a turo maka fayil a WhatsApp ko Telegram a ce tambayoyin gaske ne da aka sato. Ka bar su. Kafin ka fara jarrabawa kana amincewa da yarjejeniyar riƙe sirri, kuma wanda aka kama da wannan ana iya soke satifiket ɗinsa a hana shi sake zama. Ban da haka ma, na taɓa leƙa irin fayil ɗin, na tarar da amsoshin da na san kuskure ne don na gwada abin da hannuna, ga kuma sunayen da aka daina amfani da su tun 2020.

Mataki na bakwai: rajista

Kamfanin Pearson VUE ne ke gudanar da zaman. Kuɗin PL-900 a Amurka dala 99 ne, manyan kuwa dala 165, amma farashin na sauyawa da ƙasa, kuma shafin zai nuna maka naka idan ka zaɓi inda kake. Ɗalibi ya tabbatar da ɗalibcinsa a shafinsa na Learn kafin ya biya, akwai rangwame. Ka kuma riƙa duba tarukan horaswa na intanet da Microsoft ke shiryawa kyauta, waɗanda akan haɗa da rangwamen jarrabawa. Katin naira ba kowanne ke wucewa a biyan dala ba, don haka ka tambayi bankinka tun da wuri.

Ga wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Ba a fassara jarrabawar zuwa Hausa ba, kuma ƙa'idar Microsoft ta ce wanda babu jarrabawa a harshensa zai iya neman ƙarin minti 30. Ana cike fom ne kafin a tsayar da ranar zama, kuma amsa na ɗaukar kwanaki, don haka kada ka bari sai ka biya. A jarrabawar da lokacin amsa tambayoyinta minti 45 ne, ƙarin 30 ba wasa ba ne, kuma haƙƙinka ne, babu abin kunya a ciki. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci su duba jerin harsuna, akwai Faransanci a ciki.

Sai zaɓin wuri: cibiya ko gida. Idan da hali, ni cibiya nake ba da shawara. Akwai su a Abuja da Legas, kuma shafin rajista na nuna mafi kusa da kai. A can idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke, matsalarsu ce. A gida kuwa taka ce. Idan kana son sauya rana ko fasawa, ka yi aƙalla awa 24 kafin lokacin, in ba haka ba kuɗin ya tafi.

Idan a gida za ka zauna

Manhajar zaman sunanta OnVUE, tana aiki a Windows ko Mac, ba ta aiki a waya. Ka yi gwajin na'ura a kwamfutar da za ka yi amfani da ita, a ɗakin da za ka zauna, da intanet ɗin da za ka hau, kuma a irin lokacin da za ka zauna, domin layin da ke gudu da asuba ba shi ne na bayan Magariba ba. Kwamfutar ofis mai tarin matakan tsaro takan hana manhajar tashi. Batir ya cika, inji ko sola na jiran ko-ta-kwana, na'urar intanet ma tana kan abin da ba zai mutu ba idan an ɗauke wuta.

Ana buɗe ƙofar shiga minti 30 kafin lokaci. Za ka ɗauki hoton fuskarka, da na katin shaida gaba da baya, da na kusurwoyi huɗu na wurin zamanka. Katin ya zama na gwamnati, mai hoto, wanda bai ƙare aiki ba. Fasfo ko lasisin tuƙi sun fi kwantar da hankali a kan takardar da aka buga a shagon kwamfuta. Tebur ya zama fayau, babu littafi, babu biro, babu abin sa wa a kunne, allo ɗaya tak. Waya ta yi nesa da hannu. Ba a karanta tambaya da ƙarfi, ba a rufe baki da hannu, ba a fita daga idon kyamara, kuma ba wanda zai shigo ɗakin. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya a gidajenmu. Ni sai da na tara mutanen gida tun daren, na yi wa Hajiya bayani cewa ko sallama aka yi kada a ce ina ciki, na ba ƙannena kuɗin alawa suka tafi gidan maƙwabta, na sa sakata. Duk da haka ana tsakiyar zama wani almajiri ya tsaya daidai tagar yana bara, na ƙame kamar gunki ina kallon allo har ya gaji ya wuce.

A cikin jarrabawar

Tambayoyin jarrabawoyin Microsoft galibi tsakanin 40 ne zuwa 60. Makin cin jarrabawa 700 ne cikin 1,000, amma wannan ba ya nufin kashi 70 cikin ɗari na tambayoyin, don ma'auni ne da ake daidaitawa gwargwadon wuyar tambayoyin da suka faɗo maka. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka kada ka bar ko ɗaya ba amsa. Mai sassa da yawa sau da yawa kowane sashe da makinsa. Wadda ta tsaya maka a wuya, ka zaɓi abin da ya fi kwanta maka, ka yi mata alamar dawowa, ka wuce. Sai dai ka karanta umarnin kowane sashe, domin akwai jerin tambayoyin da idan ka wuce ba a komawa baya. A manyan jarrabawoyin an yarda tun 2023 mutum ya buɗe Microsoft Learn a gefen allo, amma PL-900 ba ta cikinsu, daga kai sai abin da ke kanka.

Sakamako na fitowa a allon cikin 'yan mintuna, tare da zanen da ke nuna ƙarfinka a kowane fanni. Wanda bai ci ba zai iya sake zama bayan awa 24, daga karo na biyu kuma sai an jira kwana 14 tsakanin kowane zama, ba a wuce sau biyar cikin wata 12, kuma kowane zama da kuɗinsa. Gara ka ɗauki zanen nan ka koma muhallinka mako biyu a kan ka ruga washegari da zafin rai.

Idan ka ci, satifiket ɗin zai bayyana a shafinka na Learn, da mahaɗin da za ka iya sawa a LinkedIn ko a takardar neman aiki don a tantance. Na PL-900 ba ya ƙarewa. Na manyan shekara ɗaya yake yi, ana sabunta shi kyauta da ɗan gwaji a intanet cikin wata shida na ƙarshe. Kafin ka kai ga biyan kuɗin babbar, akwai shaidun Applied Skills da Microsoft ya fito da su a 2023, inda ake ba ka muhalli na gaske a ce ka gina abu a ciki, kuma akwai na manhajar kanbas. Manhajar bashin nan kada ka goge ta. Ka fitar da ƙunshinta ka ajiye a kwamfutarka, ka ɗauki hotunan fuskokinta, domin a ganawar neman aiki ita za a ce ka buɗe. Tawa na koma da ita wurin kawu bayan na mayar da ita Dataverse, ya sake jawo kalkuletar, lambobi suka yi daidai har kwabo. Ya cire tabarau ya ce to madalla, amma littafinsa na nan a aljihun tebur, kuma a nan zai ci gaba da zama.